Gidajen Yarin Hissene Habre a Ƙasar Chadi

A tsakiyar birnin Injamena a dā akwai wani wurin wanka da aka gina tun zamanin mulkin Faransawa, inda iyalan sojojinsu suke iyo. A shekara ta 1987 gwamnatin Chadi ta rufe samansa da siminti, ta raba cikinsa ɗaki-ɗaki, ta mai da shi kurkuku a ƙarƙashin ƙasa. Mutanen garin suka ci gaba da kiransa da sunansa na dā, La Piscine, wato wurin iyo. A lokacin bazara, sa'ad da zafin Injamena ya kai matuƙa, akan cusa mutane a waɗannan ɗakuna har babu wurin kwanciya. Da yawa sun mutu saboda ƙishirwa da rashin iska, gawa kuwa takan daɗe tare da masu rai kafin a zo a ɗauke ta.

Wanda ya yi mulki a wannan zamani shi ne Hissene Habre, mutumin arewacin ƙasar daga kabilar Gorane. Ya ƙwace Injamena da yaƙi a watan Yuni na 1982. A lokacin Chadi ta riga ta yi shekara goma sha bakwai cikin yaƙin basasa, ga kuma Gaddafi na Libiya ya mamaye yankin Aouzou yana goyon bayan abokan gāban Habre. Saboda haka Amurka da Faransa suka ba Habre makamai da kuɗi, domin ya zama katanga tsakaninsu da Gaddafi. Abin da yake yi wa mutanensa a gida bai hana wannan taimako ba.

A farkon 1983 Habre ya kafa hukumar 'yan sandan ciki da ake kira DDS. Shugabanta ba ya karɓar umarni daga wani minista, sai daga shugaban ƙasa kaɗai. Hukumar tana da gidajen tsaro bakwai a Injamena, ɗaya a cikin harabar fadar shugaban ƙasa. Ba a kai mutum gaban alƙali, ba a gaya wa iyalinsa inda yake. Wata azaba da aka san su da ita ana ce mata arbatashar: a ɗaure hannuwan mutum da ƙafafunsa tare ta baya, a matse igiyar har jini ya daina zagayawa. Wasu da suka rayu ba su ƙara amfani da hannuwansu ba.

Abin lura a tarihin wannan hukuma shi ne yadda kamun yake tashi daga wata kabila ya faɗa kan wata. A watan Satumba na 1984 sojojin gwamnati suka shiga kudancin ƙasar, inda kabilar Sara da maƙwabtansu suke, da sunan murƙushe 'yan tawayen da ake kira Kodos. Suka ƙone ƙauyuka, suka kashe malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da dagatai, domin kada kudu ta sami masu jagora. Har yau ana kiran wannan lokaci Baƙin Satumba. Babban kwamandan sojojin Habre a lokacin shi ne Idriss Deby.

A 1987 sai abin ya koma kan Hajarai, mutanen duwatsun Gera na tsakiyar ƙasar, waɗanda suka yi yaƙi tare da Habre har ya hau mulki. Da wasu daga cikinsu suka ɗauki makami, aka shiga kama duk wanda yake ɗan kabilar, soja ko ɗan kasuwa ko ɗalibi. A watan Afrilu na 1989 kuma sai ga shi a kan Zagawa. Aka zargi manyansu da shirin juyin mulki. Idriss Deby ya tsere zuwa Sudan. Hassan Djamous, wanda ya jagoranci korar sojojin Libiya daga Fada da Wadi Dum shekara biyu kafin wannan, aka kama shi, ya mutu a hannun gwamnatin da ya yi wa yaƙi. Ɗaruruwan Zagawa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka cika ɗakunan da Sara da Hajarai suka mutu a ciki. Kirista da Musulmi, ɗan kudu da ɗan arewa, duk ƙofa ɗaya aka rufe su da ita. Wanda ya yi shiru jiya don ba kabilarsa aka taɓa ba, yau ba wanda zai yi magana dominsa.

Amma a cikin kurkukun akwai waɗanda suka ƙi yarda a manta da matattu. Rose Lokissim, wata mace soja daga kudu, takan rubuta sunayen fursunoni da na waɗanda suka mutu a 'yan guntayen takardu, ta aika waje a ɓoye domin iyalai su sani. Aka gane, aka kashe ta a watan Mayu na 1986. Clement Abaifouta ɗalibi ne da aka kama a 1985. Shekara huɗu ana tilasta masa binne 'yan'uwansa fursunoni a wani fili da ake kira Hamral-Goz, a bayan gari, ya kuwa riƙe wurin a zuciyarsa. Souleymane Guengueng akanta ne a Hukumar Tafkin Chadi, wadda Nijeriya da Nijar da Kamaru suke cikinta tare da Chadi. An kama shi a 1988. Shi Kirista ne mai riƙo da addu'a, kuma yana tsare ya yi wa Allah alkawari cewa idan ya fita da rai zai nema wa waɗanda suka mutu hakkinsu.

A ranar 1 ga Disamba, 1990, Deby ya kori Habre, aka buɗe gidajen yari, Habre ya gudu zuwa Senegal. Guengueng ya fito da ƙyar yake tafiya, idanunsa sun kusa mutuwa. Ya shiga bin gida-gida yana rubuta shaidar mutane har ya tara ta mutum 792. Kwamitin bincike da sabuwar gwamnati ta kafa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 aka kashe. Amma tsofaffin jami'an DDS da yawa suna nan cikin sabuwar gwamnati, saboda haka sai da Guengueng ya ɓoye takardunsa shekara da shekaru.

A shekara ta 2000 aka shigar da ƙara a Dakar, kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. A 2001 ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch suka tarar da takardun DDS zube a ƙasa a tsohuwar hedikwatarta. A ciki aka sami sunayen mutum 1,208 da suka mutu, da mutum 12,321 da aka zalunta, har da rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi wa Rose Lokissim. Hukumar da aka kafa don ɓatar da mutane, ita ce ta ajiye shaidar da za ta kama ubangidanta.

A 2012 Kotun Duniya ta umarci Senegal ta hukunta Habre ko ta miƙa shi. Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa kotu ta musamman, aka fara shari'a a watan Yuli na 2015, wani alƙali ɗan Burkina Faso yana shugabanta. Shaidu 93 suka yi magana, Guengueng da Abaifouta suna cikinsu, da matan da aka kai sansanin soja a hamada aka ci mutuncinsu. A ranar 30 ga Mayu, 2016, aka yanke wa Habre ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017, ta kuma ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82. Habre ya mutu a Dakar a watan Agusta na 2021, kuma har zuwa lokacin ba a biya ko ɗaya daga cikinsu wannan diyya ba.

Shekara ashirin da biyar ke nan daga buɗe kurkuku zuwa ranar hukunci, kuma da yawa daga cikin masu ƙarar sun rasu a hanya. Waɗanda suka kai ƙarshe sun zauna a benci ɗaya a kotun Dakar, Sara da Hajarai da Zagawa, kowa yana jin shaidar ɗan'uwansa.