Ga-ruwa da Zawon Yara a Arkilla

Tun da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, rijiya da gulbi ne suke shayar da gari. Da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1967, sai gidaje suka yi ta bazuwa har Arkilla ta ƙasar Wamakko, famfo kuwa bai iya bin sawunsu ba. Nan 'yan ga-ruwa suka samu kasuwa: a da garwa biyu a kafaɗa, yau jarkoki cikin kura.

Ruwan yakan fito da tsabta, ya lalace a hanya ko a randar da kowa ke tsoma moɗa. Wanda ya fi shan wahala shi ne yaron da ke rarrafe, ko wanda aka yaye aka kai wa kaka, ya bar nono ya koma kunun da ya wuni a buɗe. Idan zawo ya kama shi, a ce haƙori ne. Wannan zance ya ci rayuka.

Kwalara, mai kawo zawo mai tsanani, ta sake shigowa Yammacin Afirka a 1970. Zamanin Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985, aka yayata ruwan gishiri da sukari don masu zawo, iyaye mata suka koyi haɗa shi a gida.