Jinyar iskar oksijin da larurar otizim

A wannan jinya ana shigar da mutum wani rufaffen ɗaki, ya shaƙi oksijin cikin matsin iska da ya zarce na waje. Likitoci na amfani da ita wajen gubar hayaƙin gawayi da gyambon masu ciwon suga.

Ga otizim, wato autisme a Faransanci, nazarin Cochrane na 2016 ya duba gwajin yara 60, bai ga amfani ba, sai ciwon kunne daga matsin iskar. Hukumar FDA ta Amurka ba ta amince da ita ga wannan larura ba.

Iyayen Djamboutou su fara tuntuɓar likitan yara a Asibitin Yanki na Garwa. Koyar da magana da mu'amala tun da wuri yana taimaka wa yaro.