Metoklopramid da Aman Yara a Ƙasar Cadakori: Siffar Sinadarin, Aikinsa da Haɗarinsa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci sinadarin metoklopramid, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Primpéran, ta fuskar gininsa da aikinsa a jiki. Ta dogara ga binciken da aka riga aka wallafa da hukunce-hukuncen hukumomin kula da magunguna, ta kuma auna su da yanayin ƙaramar hukumar Cadakori ta gundumar Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Matsayarta ita ce, illar maganin ga ƙananan yara ta fi amfaninsa, musamman da yake illar tana kama da cututtukan da aka fi tsoro a yankin.

Gabatarwa

Daga Yuli zuwa Oktoba, amai na cikin koke-koken da iyaye mata suka fi kaiwa cibiyoyin kiwon lafiya na karkara. Zazzaɓin cizon sauro na kawo shi, zawo na kawo shi. Haka ma amodiyakin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 a shirin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, aka kuma fara shi a Nijar a 2013, Gidan Rumji na cikin gundumomin farko. Uwar da ɗanta ya ƙi riƙe ko da koko buƙatarta ɗaya ce, a tsayar da aman. Metoklopramid kuwa yana da araha, ana kuma samun irinsa a tiren masu tallar magani ranar kasuwa.

Siffar sinadarin

Louis Justin-Besançon da Charles Laville ne suka bayyana shi a Faransa a 1964, kamfanin Delagrange ya fitar da shi. Tsarinsa C14H22ClN3O2 ne, nauyin ƙwayarsa kusan 299.8. Daga prokainamid, maganin bugun zuciya, aka samo shi ta hanyar ƙari biyu a kan zoben benzin: kulorin a gurbi na 5, da rukunin metoksi a gurbi na 2. Ƙarin na biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Iskar oksijin da ke cikin metoksi tana kama haidurojin na rukunin amid da ke kusa da ita, sai ƙwayar ta shimfiɗu ta tsaya a siffa ɗaya, siffar da ta dace da makarɓar dofamin. Da haka aikinsa a kan zuciya ya ragu ƙwarai, ya koma maganin ciki da ƙwaƙwalwa.

Aikinsa a jiki

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa bai rufe ba. Shi ne mai gadin da ke ɗanɗana jini, in ya ji guba ya tayar da amai. Metoklopramid yana toshe makarɓar dofamin ta D2 a wannan wuri. A ciki kuma yana zaburar da makarɓar serotonin ta 5-HT4, sai bakin tumbi na sama ya ƙara tsukewa, abinci ya yi saurin wucewa hanji.

Matsalar ita ce ba ya tsayawa a nan. Yana ƙetare shingen ya isa sassan da ke sarrafa motsin gaɓoɓi, inda dofamin ke da babban aiki. Hanta na sarrafa wani kaso nasa da enzayim CYP2D6, mafi yawansa kuma ta ƙoda yake fita. Rabinsa kan bar jinin babba mai lafiya cikin awa 5 zuwa 6, amma in ƙoda ta raunana, kamar a yaron da zawo ya ƙarar wa ruwan jiki, yakan daɗe. A 1996 Collen Masimirembwa da abokan aikinsa suka bayyana nau'in CYP2D6*17 a Zimbabuwe, mai raunin aiki, wanda ya yawaita a Afirka kudu da Sahara. Lumefantirin da ke cikin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ma yana danne wannan enzayim. Ke nan yaro mai zazzaɓi da zawo na iya haɗa dalilai uku da za su tara maganin a jininsa.

Illa da rikitar ganewa

Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu da fara sha illar ke bayyana. Wuya ya karkace ya sandare, idanu su kafe sama, muƙamuƙi ya riƙe, harshe ya turo waje. Yaron kuwa yana cikin hayyacinsa, yana jin kiran uwarsa, wannan ce alamar da ta raba shi da mai farfaɗiya ko mai zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

A Cadakori, da ke cikin yankin da sanƙarau ke addaba duk lokacin zafi, sandararren wuya na nufin sanƙarau a idon kowa. Riƙewar muƙamuƙi na kai tunani ga tetanos. A gida kuma a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wurin mai magani. Abin takaici ne ƙwarai a huda bayan yaro a ɗebi ruwan laka, ko a ɗora shi bisa amalanke zuwa Gidan Rumji, alhali illar kan warware in an dakatar da maganin an ba da biferiden ko difenhidramin. Ba a cewa a yi sakaci da sanƙarau, amma tambayar "Inna, me aka ba shi tun jiya?" ba ta cin ko dala.

Tattaunawa

Hukumomi sun riga sun yanke hukunci. Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani a 2009 saboda motsin fuska da kan ƙi warkewa ga masu daɗewa suna sha. Faransa, inda aka ƙirƙiro shi, ta hana shi ga ƴan ƙasa da shekara 18 a 2012. A 2013 Hukumar Magunguna ta Turai ta ƙayyade kwana 5 kawai, miligiram 30 a rana ga babba, ta haramta shi ga jariri ɗan ƙasa da shekara 1, ta kuma ce a bar tazarar awa 6 tsakanin sha da sha ko da an amayar da na farko. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi sauƙin karyawa a gida, don uwa ta ji ana cewa a maimaita maganin zazzaɓi in yaro ya amayar da shi cikin minti 30, sai ta yi wa na amai haka.

A tsarin kula da cututtukan yara, yaron da ke amayar da komai alamar haɗari ce da ke buƙatar a tura shi gaba, da artesunat ta dubura in ana zargin zazzaɓi mai tsanani. Mai zawo kuwa ruwan gishiri da sukari cokali-cokali da zinki yake buƙata, in aman ya hana, ondansetron sau ɗaya ya fi dacewa, tunda ba ya toshe D2. Maƙalar tana ba da shawarar cibiyoyin Cadakori su ƙara gurbi a rajistarsu na rubuta maganin da aka ba yaro a gida cikin awa 48 kafin zuwansa, musamman duk wanda ya zo da sandararren wuya.