Doki a Sama, Kyamara a Ƙasa

Masu zane na Turai sun daɗe suna yi wa doki ƙarya ba da gangan ba. Dubi zanen sukuwar Epsom da Théodore Géricault ya yi a 1821, wanda ke gidan tarihi na Louvre a birnin Faris: dawakai na shawagi, ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, sai ka ce fatar da aka shanya. Babu dokin da ya taɓa gudu haka. Ido ne ba ya iya bin kofato, sai hannu ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

Wanda ya raba gardama shi ne mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge, da kuɗin Leland Stanford, attajirin jirgin ƙasa kuma tsohon gwamnan Kalifoniya. A watan Yunin 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, aka jera kyamarori 12 a bakin hanya, aka shirya su yadda wucewar dokin ce za ta tayar da kowace ɗaya. Hotunan suka nuna lallai akwai lokacin da kofato huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin ƙafafun a naɗe suke ƙarƙashin ciki. A 1887 Muybridge ya fitar da babban kundinsa mai faranti 781, har da dawakai suna tsallake shinge, daga tashi zuwa dira.

To, a wancan zamani yadda ake tsallake da doki abin tausayi ne, ga dokin nake nufi. Mahayi ya kan kwanta baya, ya tura likkafa gaba, ya ja linzami da ƙarfi, wai don dabbar ta dira da ƙafafun baya. Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, ya tsaya ya kalli dawakai suna tsallake babu kowa a bayansu. Ya ga doki na miƙa wuya, ya lanƙwasa gadon baya, ya dira da ƙafar gaba. Sai ya gajarta igiyar likkafa, ya ɗaga daga sirdi ya karkata gaba, ya sakar wa dokin baki. A gasar Turin ta 1902 ya tsallake mita 2.08. Hafsoshin ƙasashe suka riƙa zuwa makarantun Pinerolo da Tor di Quinto koyo, hotunan mahayan Italiya kuwa suka shiga duniya, duk mai ido ya ga bambanci tsakanin dokin da aka shaƙe da wanda aka bar shi ya yi aikinsa. Shi Caprilli bai daɗe ba: a 1907 ya faɗo daga doki a titin Turin, ba wurin tsallake ba ma, ajali ya sauka yana ɗan shekara 39.

Hoton da na fi so a wannan fage baƙi da fari ne, kuma ba don gwanintar haske ba. Ranar 5 ga Fabrairun 1949, a Viña del Mar ta ƙasar Chile, Kyaftin Alberto Larraguibel ya hau wani doki mai suna Huaso, ɗan shekara 16, ya tsallake mita 2.47 a gwaji na uku. Har yau ba a karya wannan tarihi ba. A hoton, sandunan sun hau bisa juna sun zarce tsayin mutum nesa ba kusa ba, dokin ya miƙe bisa ƙololuwarsu, mahayin ya manne da wuyansa. Ba a gyara komai ba, ba a ɓoye komai ba. Kana kallo za ka ji cikinka ya ɗuri ruwa, don ka san duk abin da ya hau can dole ya sauko.

Yanzu harkar ta koma hannun masu hannu da shuni. Tun 2006 akwai gasar zagayen manyan birane da wani mahayi, Jan Tops, ya kafa, ana girka fili a bakin tekun Monaco ko gaban hasumiyar Eiffel. Kamfanin Hermès, wanda ya faro da ɗinkin kayan doki a 1837, yana shirya tasa gasar tun 2010, galibi ƙarƙashin rufin gilashin Grand Palais. Shingen manyan gasa ya kan kai mita 1.60, dokin da ya iya su kuma ana cinikinsa da miliyoyin yuro. Inda kuɗi ya taru, ado ba ya nisa. Sai aka sami masu ɗaukar hoto waɗanda ba jarida suke yi wa aiki ba, bangon falo suke yi wa. Littafin Equus na Tim Flach, wanda ya fito a 2008, ya nuna irin inda aka dosa: doki shi kaɗai, an tsara masa haske, wani lokaci wuya kawai ko kwarin baya, har sai ka ɗan dakata kafin ka gane abin da kake gani.

Sana'a ce mai wuya, ban raina ta ba. Mai hoto zai durƙusa ko ya ajiye kyamara a gindin shinge don sandar ta ƙara tsawo a ido, ya saita ta ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Abin da yake farauta sananne ne: gwiwoyi biyu a naɗe daidai wa daida kusa da haɓa, kunnuwa a tsaye suna kallon gaba, kitson geza bai warware ba. Kunne ɗaya ya juya baya, hoto ya lalace. Na gane wannan son, domin mu ma a hawan Sallah ba a ɗaukar dokin sarki sai ya sha ado ya ɗaga wuya.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne rabin labari ake sayarwa. Kyamarorin yau suna ɗaukar hotuna rututu a daƙiƙa guda, saboda haka kowane mai hoto yana da dirar a ma'ajiyarsa: dabba mai nauyin fiye da rabin tan ta sauke kanta kan ƙafar gaba guda, idon sawu ya lotsa har ya kusa taɓa yashi, baki a buɗe, fuskar mahayi a murtuke. Wannan ba ya zuwa bango. Haka ma yaran barga da suka tashi tun asuba suka yi kitson gezar, suka naɗe ƙafafun da ƙanƙara bayan an tashi. In sun fito a hoto, to hannu ne kawai riƙe da ragama a gefe. Hoton dirar kuwa yana da masu nemansa, likitocin dabbobi da masu horarwa, waɗanda ke son sanin wace jijiya ce ke ɗaukar nauyin, kuma shekara nawa za ta jure.