Wa Ke Sama, Wa Ke Ƙasa: Tarihin Hoton Bango a Gidajenmu



Sau nawa muka karanta labarin da aka shigar da mu falon wani Alhaji, aka ƙirga mana kujeru, aka faɗa mana launin labule da sunan turaren da ke tashi, amma ba a ce uffan a kan abin da ke rataye a bango ba? In an tuna ma, sai a ce ga wani tangamemen hotonsa da amarya, a wuce. Mu kanmu mun sha yin haka. Alhali bangon nan ya fi kujerun sanin sirrin gidan, domin kujera sayenta kawai ake yi, hoto kuwa sai an zaɓi wanda za a kafa da wanda za a bari a ƙasan akwati.

Kafin hoto ya zo, bangon Bahaushe ba fanko yake ba. Akwai jere. Ana gobe kai amarya dangin uwa da na uba za su tafi su tsara mata ɗaki: ƙore da faya-fayai da tasoshin tagulla a zamanin da, daga baya kwanukan fenti da 'yan kasuwa suka shigo da su, su langa da samira da fanteka, a ɗora su bisa juna har su kusa taɓa rufi. A soron masu hali har faranti ake mannawa a inda bakunan daurin guga suka haɗu. Kwanukan nan ba don ci aka jera su ba. Duk matar da ta shigo ganin ɗaki karanta su take yi: wa ya haifi yarinyar nan, wa ya tsaya mata, me uwarta ta tara. Wato mun daɗe da sanin cewa bango magana yake yi, hoto ya zo ne ya tarar da wurin zama a shirye.

Su ma Turawa da muke ganin salon cika bango da hotuna a mujallunsu, abin ya girmi kyamara. Daga 1737 masu zanen Faransa suka riƙa baje kolin ayyukansu akai-akai a wani babban zaure na fadar Louvre a Faris, a jera zane daga ƙasa har rufi, firam na gugar firam. A Landan ma haka, kuma can rigimar ta fi fitowa fili. Akwai wani layi da aka ja a bangon zauren, wajen ƙafa 8 daga ƙasa. Manyan zane-zane a samansa ake ɗora su a ɗan sunkuyo da su, wanda kuwa ba shi da uwa a gindin murhu sai a cilla nasa can kusa da rufi inda ba mai gani. A 1784 Thomas Gainsborough ya zana 'ya'yan Sarki George na Uku mata su uku, ya nemi kada a rataye zanen sama da ƙafa biyar da rabi. Da ba a yi masa yadda yake so ba, sai ya kwashe ayyukansa, bai ƙara kai musu ko ɗaya ba har ya mutu. Duk wanda ya taɓa zama a gidan da aka kafa hoton 'ya'yan ɗakin amarya sama da na uwargida ya san abin da ya ci wa mutumin nan rai.

A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre ta ɗaukar hoto. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak, a 1900 kuma ƙaramar Brownie mai dala ɗaya, sai talaka ma ya samu abin kafawa. A Afirka ta Yamma sana'ar ta bakin teku ta shigo. 'Yan gidan Lutterodt a Ankara da Jonathan Adagogo Green na Bonny suna ɗaukar hoto tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Shi ya sa hotunan farko na ƙasarmu yawanci baƙo ne ya ɗauke su don amfanin kansa: sarki a kan doki, dogarai, ganuwa, kasuwa. Kakanninmu suna ciki, amma a matsayin taro, ba suna ba gida. Sai daga baya shagunan masu hoto suka bazu a birane, aka samu irin su Seydou Keïta da ya buɗe nasa a Bamako a 1948, da Philippe Koudjina da ya ɗauki samari da 'yan matan Yamai a shekarun farko na 'yancin kai.

To a nan ne abin ya fi daɗin bincike. In mun lura da gidajen da muka tashi a ciki, hoton da ya fara hawa bango ba na ɗan gida ba ne. Kalanda ce. A wani shagon Sardauna da Tafawa Ɓalewa ne, musamman bayan kisan 15 ga Janairun 1966. A na kusa da shi Malam Aminu Kano. A wani zauren Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, a wani Sarki Ado Bayero. Kafin maigida ya buɗe baki ka san jam'iyyarsa da ɗariƙarsa. Shekara ta ƙare, a yanke kwanakin a bar fuskar.

Hoton iyali kuwa ta ƙofar larura ya shigo: takardar makaranta, shiga soja, aikin gwamnati, sai kuma babbar ƙofa, wato aikin hajji. A gidaje da yawa tsohuwar da ta yi rayuwarta a kulle ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba sai ranar da za a yi mata fasfo. A shekarun arzikin mai kujera ta yi sauƙi, har a 1977 alhazan Najeriya suka haura dubu 100. Da yawan manyan hotunan kakanni mata da muke gani a faluka yau, ɗan hoton fasfon nan ne aka kai aka faɗaɗa bayan rasuwa. Dalilin da ya sa fuskar take ɗan dishi-dishi kenan, ba murmushi, ido ƙur a kan kyamara, wani lokacin har da gefen hatimi a kafaɗa.

Ratayewar ma da nata ilimin. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa da kyau, ga gara, ga yoyon damina, don haka da yawa a jikin madubi ake soke hoto, ko a bayan gilashin kabad tare da kofunan da ba a sha da su. Da siminti ya wadata sai firam ya hau can sama, an ɗaure shi da zare ya sunkuyo kamar mai gaisuwa, nesa da hannun yara. Marigayi maigida a tsakiya, babban ɗa da rigar kammala karatu a dama, sannan na aure da na suna. Idan aure ya mutu almakashi ke aiki. Mun ga hoton da ya rage namiji shi kaɗai, da yatsu huɗu masu lalle a kafaɗarsa.

Akwai kuma gidajen da aka sauke komai. Malamai sun daɗe da saɓani a kan hoto: wasu sun haɗa shi da surar da aka hana ajiyewa a ɗaki, wasu kamar Shehu Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar, suka ce kyamara inuwa kawai take tsarewa, ba ƙira take yi ba. Ba hurumin wannan rubutu ba ne ya raba gardama. Abin da ya shafe mu shi ne fenti ya fi haske a inda firam ya taɓa zama, ga ramin ƙusa a sama, kuma a gidan akwai wanda ya sauke da wadda ta ɓoye hotunan a cikin zannuwanta.

Wayar salula ta GSM ta zo Najeriya a 2001, ba a daɗe ba kyamara ta koma aljihu. Yanzu yaro ɗan shekara biyu ya fi kakansa yawan hotuna sau ɗari, amma ba ko ɗaya da aka wanke. A sace waya, ko Facebook ya rufe shafi, shi ke nan.

Bayan sallar bara muka ce bari mu haɗa na gidanmu wuri ɗaya. Muka shimfiɗa su a tabarma, muka yanka takardu daidai girman kowane firam muka manna a bango don gwaji, kada mu yi ta huda siminti a banza. Duk wannan bai ci awa biyu ba. Abin da ya tsayar da mu wani ƙaramin hoto ne baƙi da fari, mutum uku a tsaye gaban labule mai zanen jirgin sama, bayansa ba rubutu sai tambarin shagon da ya goge. Muka kai wa Goggo, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta matso da shi kusa da ido ta ce na tsakiya Baffa ne, na hagu abokinsa da suka yi fataucin goro. Na dama kuwa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kifa hoton a cinyarta ta ce, “Wannan ku bar mini shi, 'ya'yan nan. Ba na bango ba ne.”