Wasiƙun Sarakuna na Daular Sakkwato da Masarautar Katsina

Wasiƙun sarakuna su ne takardun da Sarkin Musulmi da waziransa da sarakunan tuta da alƙalai suka riƙa aika wa juna tun daga farkon ƙarni na 19 har zuwa zamanin Turawa. Akasarinsu da Larabci aka rubuta su, kuma a yau suna cikin manyan madogaran masu binciken tarihin ƙasar Hausa.

Wasiƙar wancan zamani tana da tsari sananne. Ana buɗe ta da bisimilla da salati, a ambaci mai aikawa da wanda aka aika wa, a jero kirarin girmamawa, sannan a shiga magana a taƙaice. Sarki bai cika riƙe alƙalami da kansa ba, aikin magatakarda ne. Don haka hatimi ne ke tabbatar da takarda, ba sa hannu ba: a shafa masa tawada, a danna a saman takardar, sunan sarkin ya fito a tsakiya. Ita kanta takardar daga Italiya ake kawo ta, fatake su biyo da ita ta Tarabulus su ratso hamada, kuma idan aka ɗaga ta a hasken rana ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Ba a cika sa kwanan wata ba, shi ya sa mai bincike yakan dogara da hatimi da sunayen da aka ambata kafin ya kirdado shekarar. Sau da yawa ma takardar shaida ce kawai, ainihin saƙon yana bakin manzo.

Mafi shahara cikin wasiƙun farko su ne na muhawarar Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno a kan halaccin jihadi, waɗanda Bello ya kwafe a cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Bello ne kuma ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farko bayan jihadi, nasiha kan ƙa'idojin mulki, wadda aka sani da Usulus Siyasa. A 1824 ya ba Hugh Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila, George na huɗu.

Taskar da ta fi kowace girma ta taru ne a gidan Wazirin Sakkwato, domin tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima waziri ne ƙofar manyan masarautu irin su Kano da Zazzau da Adamawa. Duk ƙarar gado, ko batun bawan da ya gudu, ko naɗin sabon sarki, ta hannunsa take bi. Da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, sai suka tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, kuma H. F. Backwell ya buga fassarar wasu daga cikinsu a Legas a 1927. Abin da ya rage a hannun zuriyar Giɗaɗo ya kai ga Waziri Junaidu, wanda da taskarsa Murray Last ya yi aikin littafinsa na 1967 kan daular.

Wasiƙar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce kuwa ita ce wadda Lugard, jagoran Turawan da suka ci Sakkwato, ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa a 1902, mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Da ita ya kafa hujjar kai hari. Fassararta ce ta yaɗu, ba asalin Larabcin ba, kuma D. J. M. Muffett ya yi shakkar sahihancinta a 1964. Shakkar tana da tushe, tunda takardar sarki da ba a ga hatiminta ba ba ta cika shaida ba.

Zuwan Turawa bai kashe Larabci nan take ba. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, hakimai sun ci gaba da rubuto rahoton haraji da jangali da Larabci da ajami, kafin boko ya mamaye ofisoshin En'e. Irin waɗannan takardu ne ke ɗauke da sunayen garuruwa kamar Kankia da Kusada da Ƙofa. Sai dai sun warwatsu, saboda masarautar Katsina ta zauna a ƙarƙashin Lardin Kano, aka mayar da ita Lardin Zariya a 1926, sannan ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. Mai neman tarihin wannan yanki sai ya duba fayilolin lardunan uku a reshen Kaduna na Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda Kenneth Dike ya aza harsashinta a Ibadan a 1954, ya kuma leƙa Arewa House da Abdullahi Smith ya kafa a tsohon gidan Sardauna a 1970.

Abin lura shi ne, takardun da suka haura sama zuwa fada su suka fi tsira. Waɗanda suka sauko hannun dagaci ko limamin ƙauye a gafaka aka cusa su, ko a tsakanin warƙoƙin littafi, inda gara da yoyon damina da rabon gado suka cinye da yawa. Shi ya sa da Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa mai maƙwabtaka da Kankia, ya zo rubuta tarihin Katsina da aka buga a 1981, bai tsaya ga takardun rumbu kaɗai ba, sai da ya haɗa da hira da dattawan garuruwa da ƙauyuka.