Inzayim Masu Isar da Saƙo da Ɓarnar Funfunar Shinkafa

Cutar da masana aikin gona ke kira bilas, wadda ke fitar da tabo mai siffar ido a ganyen shinkafa, ta kuma ruɓar da wuyan zangarniya har hatsin ya kasa cika, wata funfuna ce mai suna Magnaporthe oryzae ke haddasa ta. Ana samunta kusan duk inda ake noman shinkafa, har da Afirka ta Yamma, kuma wani reshenta mai kama alkama ya ɓulla a Barazil a 1985, ya kai Bangaladesh a 2016. Binciken da aka yi a kanta tun daga shekarun 1990 ya nuna cewa ɓarnarta ta fi ta'allaƙa ga wasu inzayim da ke sanar da ita inda ta faɗa da abin da ya kamata ta yi a kowane mataki, fiye da yadda ta ta'allaƙa ga saurin girmanta.

Inzayim furotin ne da ke hanzarta wani aikin sinadari a cikin tantanin halitta. Waɗanda ake kira kainas kuwa aikinsu ɗaya ne, wato liƙa guntun fosfet a jikin wani furotin, abin da kan tayar da shi ko ya kwantar da shi. A cikin wannan funfuna akwai jerin kainas uku, Mst11 da Mst7 da Pmk1, inda na farko ke tayar da na biyu, na biyu ya tayar da na uku, shi kuma ya isar da saƙon ga furotin masu kunna ƙwayoyin gado. Idan ƙwayar irin funfunar, mai ɗakuna uku, ta sauka a ganye mai raɓa, takan fitar da ɗan siririn zare, kuma da zarar zaren ya ji tauri da santsin kakin da ke fatar ganyen, sai ya daina tsawo, bakinsa ya kumbura ya zama ƙulli mai mannewa da ake kira afiresoriyom. Ƙullin yakan lulluɓe bangonsa da melanin, ya tara gilisarol mai yawa a ciki, ruwa ya riƙa kwararowa ba ya samun mafita, har matsin ya kai megafaskal 8, wajen ninki arba'in na iskar tayar mota. Da wannan matsi ne wani tsinke ke huda fatar ganyen.

A 1996, Jin-Rong Xu da John Hamer na Jami'ar Purdue a Amurka suka cire ƙwayar gadon da ke samar da Pmk1. Funfunar da ta rasa shi ta ci gaba da yaɗuwa a farantin gwaji kusan kamar yadda ta saba, amma a kan ganye ta kasa yin ƙullin, kuma ko da aka ji wa ganyen rauni aka buɗe mata hanya, ba ta iya bazuwa a ciki ba. Wannan sakamako na biyu shi ne mafi nauyi, domin ya raba girma da cutarwa, ya kuma nuna cewa aikin Pmk1 bai ƙare a bakin ƙofa ba. Sai a 2018 aka gane dalili, lokacin da masu bincike a ɗakin gwajin Nick Talbot a Ingila suka sauya inzayim ɗin ta yadda za a iya tsayar da shi da wani sinadari a duk sa'ar da aka so. Da suka tsayar da shi bayan funfunar ta riga ta shiga, sai ta cika tantanin farko ta maƙale a nan, saboda ba ta iya tsuke zarenta ya ratsa 'yan ƙofofin da ke haɗa tantani da maƙwabcinsa.

Sauran hanyoyin saƙon ba su yi daidai da wannan a muhimmanci ba. Hanyar da ke aiki da sinadarin cAMP ita ce ke taimaka wa funfunar ta gane irin shimfiɗar da ta sauka a kai, kuma idan aka cire inzayim ɗinta mai suna CpkA, ƙullin yakan fito a makare, ƙarami, ba ya huda komai. Wani kainas mai suna Mps1 yana kula da ƙarfin bangon tantani, rashinsa ma yana hana hudawa. Abin mamakin yana wajen wani kainas mai suna Osm1, wanda aka yi zaton shi ne ke tara gilisarol, tun da takwaransa a cikin yis shi ke yin wannan aiki idan gishiri ya yi yawa. An cire shi, funfunar ta zama ba ta jure gishiri, amma ƙullinta ya tara matsi ya huda ganye kamar da. Saboda haka ɗaukar abin da aka gani a yis a ɗora wa kowace funfuna kai tsaye kuskure ne, ko da inzayim ɗin sun yi kama ƙwarai.

Takwarorin Pmk1 sun bayyana da irin muhimmancinsa a wasu funfunan da hanyar shigarsu daban ce. Fusarium oxysporum, mai sa tumatir yaushi, ba ta yin ƙulli irin na bilas, ta saiwa take shiga, amma a 2001 aka nuna cewa idan babu Fmk1, wato takwaran Pmk1 a cikinta, ba ta iya ratsa saiwar.

Daga nan ne ake kawo hujjar cewa waɗannan inzayim su ne wurin da ya dace sabon maganin feshi ya nufa. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai tana da iyaka. Shuke-shuke da dabbobi da mutane duk suna da kainas 'yan gida ɗaya da Pmk1, don haka sinadarin da zai tsayar da na funfuna ya ƙyale na shinkafa da na mai feshi ba abu ne mai sauƙin samu ba. Magungunan da suka yi nasara zuwa yanzu ta gefe suka bi. Tirisaikilazol yana hana yin melanin, ƙullin ya kasa riƙe matsi. Fuludiyoksonil kuma yana rikita wani kainas mai gano yawan gishiri, ya sa hanyar da Osm1 ke cikinta ta kunnu ba tsayawa, funfunar ta tara gilisarol har zarenta ya kumbura ya fashe. Funfunan da suka koyi jure wannan magani sau da yawa sukan rasa juriyar gishiri, abin da ke rage musu ƙarfin gogayya a gona, kuma wannan na cikin dalilan da ake bayarwa na jinkirin yaɗuwar juriyar a tsakaninsu.